Yadda ake ɗaure kwale-kwalen roba a rufin mota a hanyoyin gaɓar Jidda

Kwale-kwalen robar nan na mutum ɗaya ko biyu, wanda ake kira kayak, ya fara shiga hannun mutanenmu a Jidda. Wasu kamun kifi ne ya kai su gare shi, wasu motsa jiki, wasu kuwa yara ne suka gani a Abhur, bakin ruwan arewacin gari, ranar Juma'a suka hana gidan sakat har aka saya. Sayen ba wuya. Wuyar tana ranar da za a kai shi ruwa, domin abu ne mai tsawon mita 3 zuwa 4 da rabi. Ba ya shiga but, ba ya shiga tsakanin kujeru, sai dai rufin mota.

Mai ɗaura shi karon farko nauyi yake dubawa. Ya ɗaga ya ji kilo 25 ko 30, ya ce ai wannan ba kaya ba ne, ya zagaya masa igiya biyu ya kama hanya. Alhali nauyin shi ne ƙaramar magana. Abin da ke raba jirgi da mota a kan titi iska ce, sai birki. Idan gudun mota ya ninka biyu, ƙarfin da iska ke bugun kaya ninki huɗu yake yi. Wanda ya tashi daga gudun kilomita 80 ya koma 120 ya ɗora wa ɗaurinsa aiki fiye da ninki biyu. Kuma iskar Bahar Maliya yawanci daga arewa take busowa, ta ƙara ƙarfi bayan azahar. Mai tafiya Rabig ko Yanbu da ita yake karo gaba da gaba, don haka idan allon mota na nuna 110 kuma iskar na gudun 30, abin da jirgin ke sha 140 ne. Tana shiga ƙarƙashin hancinsa ta ɗaga shi sama, kamar yadda guguwar farkon damina ke yi wa rufin kwano: sau da yawa ba kwanon ke yagewa ba, har da katakon da aka kafa shi a kai ake tafiya. Haka jirgi kan tashi da kariyar motar, wato ƙarafan ɗaukar kaya na rufi, gaba ɗaya, ɗaurinsa bai ko motsa ba. Duk abin da ke tafe a ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Rufin motar tukuna

Kafin ka sayi ko da bel ɗaya, buɗe littafin motarka ka nemi iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya. A yawancin motoci adadin yana tsakanin kilo 50 da 100, kuma 75 aka fi gani. Wannan adadi ya haɗa komai: ƙarafan kariya, mazaunin jirgi, jirgin kansa, da duk abin da aka mance a cikinsa. Ƙarafan ma suna da tasu iyakar da kamfaninsu ya rubuta, kuma wadda ta fi ƙanƙanta a cikin biyun da ita za ka yi aiki. Rufi mai ɗaukar 75 da ƙarafa masu kilo 6 zai ɗauki jirage biyu masu kilo 28 kowanne, da ɗan saura. Amma jirgin masu kamun kifi, mai faɗi da kujera da feda, yakan kai kilo 40 zuwa 50 shi kaɗai. Irin wannan ɗaya ake ɗorawa. Kada kuma girman mota ya ruɗe ka. Land Cruiser babba ce, amma tana da tsayi, kuma nauyin da aka ɗora a samanta yana sa ta ƙara karkata a kwana.

Sai ka dubi irin rufin. Akwai mai ƙarafa biyu da suka bi tsawonsa daga gaba zuwa baya, hannu na shiga ƙarƙashinsu. Akwai wanda ƙarafan suka kwanta a jikinsa ba tazara. Akwai mai ramukan noti da aka ɓoye ƙarƙashin 'yan murafen roba, akwai kuma rufi tsirara wanda sai an maƙala ƙafafun kariya a bakin ƙofa. Ko wane iri ne, abin da jirgi ke kwanciya a kai shi ne ƙarafa biyu da suka gitta rufin daga hagu zuwa dama. A yi hattara da ƙarafan ado da ake manna wa mota da gam bayan an saye ta. Ka kama ɗaya ka ja da ƙarfi. Idan ya yi motsi ko ka ji shi fanko, ba na ɗaukar kaya ba ne.

Kamfanoni irin su Thule na Suwidin, Yakima na Amurka da Rhino-Rack na Ostareliya suna yin ƙafafun kariya daidai da samfurin kowace mota da shekararta. Suna da tsada, kuma ana samun na hannu da sauƙi. Idan na hannu za ka saya, tabbatar ƙafafun na irin motarka ne, domin ƙafar da aka yi wa Camry ba ta zama daram a bakin ƙofar Elantra ko da ta yi kamar ta zauna. Mai walda a Sina'iyya, unguwar makanikai da maƙera, zai iya ƙera maka kariya mai ƙarfin gaske, ban musa ba. Tambayar da za ka yi masa ita ce a ina za ta kama jikin mota, domin nan ne take tsinkewa, ba a waldar ba.

Tazarar da ke tsakanin ƙarfen gaba da na baya kada ta gaza santimita 70. Idan rufin ya yarda a kai 90 ko mita guda, ya fi, musamman ga dogon jirgi. Ka ɗaure notuna da ƙarfin da takardar ta ce, ka sake bin su da sifana bayan tafiyar farko. Sannan ka naɗe ƙarafan da abu mai taushi. Baƙin soson nan da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke naɗe bututu da shi yana yi, idan aka tsaga shi aka ɗaure da kyau.

Wanda ba shi da kariya yana iya sa tubalan soso biyu kai tsaye a kan rufi, ya zura bel ta cikin motar. Ƙofofin ake buɗewa a zura, ba tagogi ba, in ba haka ba ka ɗaure kanka a ciki. Ni dai wannan dabara ban yarda da ita ba sai daga gida zuwa Abhur cikin gari. Bel ɗin yana bi ta daidai inda jakar iskar gefe ke fitowa idan an yi karo, kuma a rufin gilashi ba a yin ta sam.

A kife, a zaune, ko a gefe

Jirgin da ake zama a samansa, wanda shi ne ya fi yawa a nan, kife shi ake yi, ƙasansa na kallon sama. Gefunan samansa su ne mafi ƙarfi a jikinsa, su za su hau ƙarfe. Ƙasan jirgi kuwa, wanda ke ratsa ruwa, shi ne ba a so ya lotsa. Doguwar kayak siririya mai ramin zama, ko wadda aka yi da faiba, ta fi son mazauni mai lanƙwasa da ke rungumar cikinta tana zaune daidai. A rufe ramin zaman da murfinsa, saboda iska, saboda kuma ruwan sama. Jidda ba ta cika samun ruwa ba, amma duk wanda ya ga na Nuwamban 2009 ko na Nuwamban 2022 ya san yadda yake idan ya zo, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a kan rufinka.

Akwai mazauni mai siffar ƙugiya da ke riƙe jirgi a jingine a gefensa. Amfaninsa ya bar wuri a ɗora na biyu. Illarsa jirgin yana tsayawa ya ba iskar gefe faɗinsa duka, kuma yana ƙara wa mota tsayi sosai. Idan jirgi ɗaya ne, a kwantar da shi.

Bel da igiya

Bel ɗin da ya dace shi ne mai faɗin santimita 2 da rabi, tsawon mita 4 zuwa 4 da rabi, mai kan ƙarfe da haƙora wanda ake dannawa da babban yatsa a zura bakin bel a ja. A nemi wanda aka sa wa kansa rigar roba don kada ya kwarzane fenti ko ya fasa gilashi. Na zaren foliyesta ya fi jure rana, kuma ba ya miƙewa idan ya jiƙe kamar na nailan. Araha ba ta ado: akwai masu sauƙin kuɗi da haƙoransu ke sulɓewa idan aka fizga. Gwada shi tun a shago, ka zura ka ja da iya ƙarfinka.

Abu biyu ba su da wuri a wannan aiki. Na farko robar ɗaure kaya, ko mai ƙugiya ko wadda aka yanko daga tsohon tiyub. Roba miƙewa take yi, kuma abin da iska ke nema ke nan, ta sami ɗan sarari ta shiga. Na biyu shi ne bel mai hannun ɗanawa irin na direbobin tirela. Mutane suna son sa saboda yana matsewa ƙam, kuma matsewar ce matsalar. Hannu ba ya jin iyakar ƙarfin da ake sawa, sai dai a ga jirgi ya lotse ko ƙarfen kariya ya lanƙwashe.

Don gaba da baya kuma ana buƙatar igiya marar miƙewa, mai kaurin milimita 6 zuwa 8.

Ɗorawa

A kwashe komai daga jirgin: filafilin tuƙi, kujera, rigar ruwa, sandar kamun kifi, akwatin ƙanƙara. Duk cikin mota za su. A buɗe toshiyar ramin tsiyayar ruwa, a ɗaga jirgin a tsaye ruwan da ya shiga cikinsa ya fita, a mayar da toshiyar. A kulle murafen ma'ajiyarsa. A ajiye mota a wuri mai daidai, hancinta ko bayanta na fuskantar iska, a ja birkin hannu. Bel biyun su kasance a kusa, a warware, tun kafin a ɗaga.

Mutum biyu sun fi. Ɗaya a hanci ɗaya a wutsiya, jirgin na kwance a gefen mota. A kama jikinsa ta ƙasa, ba hannayen igiyar da ke rataye a bakinsa ba, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Ƙane ya ce, "Yaya, in ɗaga?" wan ya ce, "Dakata, sai na ce bismilla." Da an faɗa, a ɗaga tare zuwa ƙirji, a juya shi, a kai sama da kai, a taka gefe a sauke a kan ƙarafa. Idan ɗaya ya fi ɗaya tsawo, gajeren ya riƙe ɓangaren da motar ta fi ƙasa.

Mai aiki shi kaɗai ya shimfiɗa tsohuwar darduma ko tawul mai kauri a bakin rufin ta baya, ya ajiye wutsiyar jirgin a ƙasa bayan motar a kan wani abu da zai hana ta zamewa, ya ɗaga hancin ya jingina a kan dardumar. Sai ya koma ya ɗaga wutsiyar ya tura gaba har jirgin ya hau. Rabin nauyin kawai yake ɗauka a kowane lokaci.

Da zarar jirgi ya hau, kada a sake shi a je neman wani abu. A bakin teku da la'asar, iska kan ture jirgin da ba a ɗaure ba cikin ƙiftawar ido, kuma motar maƙwabci yake faɗa wa.

A daidaita shi ya miƙe sak da tsawon motar, hanci gaba. Idan ya karkace ko kaɗan, iska za ta yi ta tura shi gefe duk tsawon tafiyar. Wurin da ya fi faɗi a jikinsa ya kasance tsakanin ƙarafan biyu. Da haka bel na gaba da na baya kowanne ya kama inda jirgin ya fara tsukewa, ba zai iya zamewa gaba ko baya ba sai ya tura faɗinsa ta cikin bel.

Ɗaurin tsakiya

Tsaya a ɗaya gefen motar. Zura bel ta ƙarƙashin ƙarfen gaba, dab da jikin jirgin, ta cikin ƙafar kariya, ba ta wajenta ba. Wannan ƙaramin abu ne mai girma: bel ɗin da aka zagaya a ƙarshen ƙarfe ta wajen ƙafa yana iya sulɓewa ya fita. Yanzu bel ɗin ya ninku biyu. Miƙa bakunan biyu ta saman jirgin zuwa wancan gefen. Bakin da ba ƙarfe shi ake jefawa, mai ƙarfen kuwa a hankali ake ɗora shi, don gilashin mota a nan ba araha ba ne.

Zagaya. Ja bakin marar ƙarfe har kan ƙarfen ya hau ya tsaya a gefen jirgin, sama da ƙarfen kariya da kamar tafin hannu biyu, inda ba zai taɓa mota ba kuma akwai sararin ja. Ka duba layukan biyu sun kwanta gefe da gefe a kan jirgin, ba su hau juna ba. Sai ka zura bakin ta ƙarƙashin ƙarfen kariya na gefenka, nan ma dab da jirgi, ka dawo da shi sama, ka danna haƙoran da babban yatsa, ka shigar da shi ta ƙasan kan, ka ja ƙasa. Idan ka zura ta baibai, za ka ga yana bin hannunka ya dawo da zarar ka saki. Cire ka sake.

Bel ɗin ya sauko a tsaye daga gefen jirgi zuwa ƙarfe. Idan ya tafi a karkace zuwa can nesa, ya bar wa jirgin filin rawa hagu da dama.

Kada ka matse na gaba duka tukuna. Yi na baya kamar yadda ka yi na gaba, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙarawa. Iyakar matsewa ita ce ƙarfin hannunka da ɗan nauyin jikinka. Idan ka ga robar jirgin ta fara shiga ciki a ƙarƙashin bel, ka wuce gona da iri, sassauta. A ƙasar nan wannan ya fi muhimmanci fiye da ƙasashen sanyi da ake ƙera jiragen. Robar da ake yin su da ita tana laushi da zafi, kuma rufin mota a ranar Yuli a Jidda yakan wuce digiri 60. Jirgin da aka matse ƙam da asuba, zuwa azahar bel ya yi masa zane biyu a jiki.

Inda bel ya ratsa sarari bai taɓa komai ba, a murɗa shi sau ɗaya. Bel shimfiɗaɗɗe yana kaɗawa a iska ya yi wani gurnani da zai hana kowa magana a cikin mota, murɗawar ce ke kashe shi. Ragowar bel kuma a ƙulla ta sau ɗaya dab da ƙarƙashin kan ƙarfen, don ko haƙora sun saki ƙullin ya tare, sannan a naɗe sauran a jikin kariya a soke. Kada a bar ko taƙi guda yana lilo.

Hanci da wutsiya

Nan ne akasarin mutane ke cewa ai ya isa haka. Bai isa ba. Bel biyun da ka gama ɗaurawa sun haɗa jirgi da kariya ne kawai. Igiyar gaba da ta baya su ne ke haɗa jirgi da motar kanta, su ne za su riƙe shi ranar da ƙafar kariya ta saki.

A jikin mota ana neman ƙarfe na gaske. Wasu motocin suna da ƙugiyar ja a ƙarƙashin bamba, wasu kuma akwai ɗan murfi a jikin bamba wanda idan aka ɓalle shi ake ɗaura zoben ja da ke ajiye wajen safayar taya. Ba a ɗaurawa a robar bamba, ko a ragar gaban mota, ko a wani bututu da aka laluba a ƙasa. Dabarar da na fi so ita ce ta cikin bonet. Buɗe shi, ka dubi gefen dama da na hagu inda notuna suka kama ƙarfen da ke saman taya. Kwance noti ɗaya a kowane gefe, ka sa guntun bel mai ƙarfi da aka ninka ya zama madauki aka huda bakinsa, ka mayar da notin ka ɗaure. Ranar tafiya sai ka fito da madaukan waje ka rufe bonet a kansu, ranar da ba tafiya ka tura su ciki. Igiya ba ta goga fenti, kuma gajeriya ce, ko ta kwance ba za ta kai taya ba.

Wannan batun taya ba wasa ba ne. Doguwar igiyar da ta kwance daga bamba, taya ta taka ta ana gudu, za ta fizgo hancin jirgin ƙasa da ƙarfin da zai iya karya shi ko ya fasa gilashin gaba. Saboda haka a yanke igiya daidai buƙata, a ɗaure ragowar tamau, a kuma guji buɗaɗɗiyar ƙugiya da ke fita idan igiya ta yi sako-sako. Ƙulli ko ƙugiya mai kulle kanta. A baya kuma a nisanta igiya daga salansa.

A jikin jirgin, idan hannun ɗauka an zuba shi ne tare da jikin robar, ɗaura a nan. Idan ɗan hannu ne da aka kafa da ƙananan kusoshi biyu, ka duba shi da kyau kafin ka amince masa.

Ƙullin da ake yi shi ne na 'yan lodi. Ɗaura igiya a jirgi. A tsakiyarta yi ɗan madauki. Kai bakin ƙasa ta cikin madaukin mota, dawo da shi sama ta cikin wanda ka yi a tsakiya, ja ƙasa, danne da yatsa biyu, kulle da zarge biyu. Ja har igiyar ta miƙe kawai. Ba a so ta lanƙwasa jirgin, domin hanci da wutsiya suna nesa da ƙarafa, ƙarfi kaɗan a can yana zama babba a tsakiya. A gaba igiya biyu sun fi ɗaya: daga hanci ɗaya ta sauka dama ɗaya hagu, su hana shi kaɗawa idan iskar gefe ta buga.

Akwai wani abu da ko waɗanda suka daɗe suna yi kan manta. Ja da baya ka dubi motar ta gefe. Idan wutsiyar jirgi ta zarce bayan mota, igiyar baya tana saukowa ne tana jan sa gaba. Idan ta gaban ma gaba take ja, to duka biyun gaba suke ja, kuma ranar da raƙumi ko wata mota ta sa ka taka birki da ƙarfi babu mai riƙe shi. Ana so su yi jayayya, ɗaya gaba ɗaya baya. Gyaran shi ne a matsar da inda igiyar baya ta kama jirgin zuwa ciki, gaba da inda ta kama mota.

Gwaji ɗaya ne. Kama hancin jirgin ka girgiza shi hagu da dama, sama da ƙasa. Motar ce za ta yi rawa gaba ɗayanta. Idan jirgin ya motsa motar na tsaye, koma kan bel. Idan kariyar ce ta motsa, sauke komai ka koma kan notuna.

Jirage biyu, kowanne da bel ɗinsa biyu da igiyoyinsa. Ba a haɗa su a ɗauri ɗaya, don idan ɗaya ya ɗan zame ɗayan ya sami sarari. A-kori-kura kuwa, irin Hilux mai ƙofa huɗu, bayanta kusan mita 1 da rabi ne, da an sauke ƙofar baya ya kai kamar 2. Jirgi mai mita 3 zai zauna idan aka ɗaure shi a ƙugiyoyin ciki. Mai mita 4 rabinsa a waje yake, sai da ƙarfen ƙari ko kariya a sama. Duk abin da ya zarce bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle, da dare kuma abu mai ƙyalli ko jar fitila, kuma kada ya rufe lamba ko fitilun baya. Kayan da ba a ɗaure da kyau ba da wanda ya zarce ƙa'ida duk laifi ne a wajen 'yan murur, wato 'yan sandan hanya.

A kan hanya

Tsaya bayan minti 10 zuwa 15 na farko, a gidan mai ko wani wuri nesa da titi, ka taɓa kowane bel da kowace igiya. Kusan kullum za ka sami ɗan abin ƙarawa, domin jirgin ya zauna, soso ya kwanta. Daga nan duk tsayawar salla ko shan shayi, a zagaya mota kafin a shiga. Suwal kimanin kilomita 80 ce daga Jidda, Rabig kamar 150, Yanbu ta haura 300, Umluj kuma tana gaba da Yanbu. Ta kudu akwai Shu'aiba, wadda ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda. Duk hanyoyi ne miƙaƙƙu masu jan ƙafa ta danna totur, kuma allon hanya na ba da izinin gudu mai yawa. Izinin na motar da ba kaya a kanta ne. Da jirgi a sama, 90 zuwa 100 ya isa, a layin dama, a bar masu sauri su wuce.

Hanyar Rabig da Yanbu cike take da manyan motoci saboda masana'antu. Idan za ka wuce tirela, iskarta tana tura ka waje da farko, ta janyo ka a tsakiya, sannan iskar gefe ta buge ka da zarar ka fito daga inuwarta. Hannu biyu a sitiyari, a ba ta fili. Idan ƙura ta taso har gani ya ragu, sauka daga titi ka jira. Igiyar gaba tana gabanka ta gilashi, ita ce mai ba ka labari: idan ta yi sako-sako ko hancin jirgin ya bar inda yake, ko ka ji sabon sauti a sama, rage gudu a hankali ka tsaya. Ba a taka birki da ƙarfi a irin wannan hali.

Fita bayan asuba ta fi, iska ba ta tashi ba, rana ba ta yi zafi ba. Idan za a daɗe a tsaye da rana, a nemi inuwa, in babu a sassauta bel. Wanda ya sassauta ya ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don ya tuna kafin ya tayar da mota. Jirgin da ya riga ya lotsa, yawanci yana komawa daidai idan aka sauke shi aka bar lotsawar na kallon rana, ko aka zuba mata ruwan zafi aka tura ta ciki.

Auna tsayin motar da jirgin a kanta, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin manyan kantuna da gidajen bene yawanci mita 2 ne da 'yan kai, kuma bayan yini guda a ruwa mutum yakan manta akwai abu a samansa. Shiga teku kuwa a hannun masu tsaron iyaka take, kuma ba kowace gaɓa ake barin a saka jirgi ba. Tambaya kafin ka yi tafiyar kilomita 300, ka riƙe iƙamarka, wato katin izinin zama, da rigar ruwa. Lambarsu ta gaggawa 994 ce.

Dawowa

Ɗaurin dawowa ya fi na tafiya haɗari. An gaji, magariba ta kawo jiki, hannu ya yi laushi, yara na kuka, ga yashi ya shiga ko'ina. Yashin da ya cika haƙoran bel yana hana su kamawa, don haka a kaɗa kan ƙarfen a cikin ruwa a danna shi sau biyu ko uku kafin a zura. A sake tsiyaye jirgin, domin yanzu ne ruwa ke cikinsa. A bi matakan nan duka kamar da safe, har da tsayawar bayan minti 15 na farko.

Ka taho da jarkar ruwan daɗi mai lita 20 ka ɗauraye jirgin kafin ya hau. Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kuma abin da ya tsiyaya daga jirgi yana bin bakin ƙofa da gindin ƙafafun kariya ya kwanta, nan tsatsa ke farawa. A gida a wanke rufin, a wanke bel da igiya a shanya su a inuwa, a ajiye su a cikin ɗaki, ba a but ɗin motar da ke yini a rana ba. Bel ɗin da ya koɗe, ko ya yi tauri, ko gefensa ya fara gashi, a yanka shi gida biyu kafin a jefar don kada wani ya tsinta ya ɗaure kaya da shi. Idan za a yi makonni ba a je ruwa ba, a kwance kariyar ma, tana ƙara shan mai da ƙara ko ba komai a kanta.